Yatsan da Na Hana Likita

Ni ne Baƙo, ɗan farin Inna, kuma duk wanda ya sha ruwan ƙasar nan ya san abin da wannan yake nufi. Ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Gwaggo, yayar ubana, can na girma. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, ba ta miƙa mini ƙwarya hannu da hannu. In tana son in gyara mata dangar gayaunarta, sai ta dubi ƙanwata Tsohuwa ta ce, "Ce wa na Gwaggo awaki sun gama da rogona," alhali ga ni tsaye kusa da ita. Haka uwa take yi da ɗan fari a wurinmu, mu Maguzawan Gidan Jibo da ke gabas da Danja, haka kuma matan Musulmin cikin gari suke yi. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. A haka na yi gemu, na yi aure, na haifi huɗu.

Shekara ta uku da samun mulkin kai, da kaka, ta ɗaure audugarta za ta kai fuloti, inda ake awo. Na aika mata ta bari in kai a jaki. Ta aiko mini cewa wanda ya noma shi ke kaiwa. Taurin kan gidanmu a nono muka sha shi, ba a kasuwa muka saya ba. Tana tsugune tana jiran layi wata babbar mota ta yo baya-baya, ƙyauren bayanta ya ɓalle, katako ne mai bakin ƙarfe, ya sauko mata a tsakar ka. Ko da na iso a guje daga gona, jini na fita ta kunnenta, mata har sun fara guɗar kuka. Na daka musu tsawa, na ce wa direban motar da ta yi ɓarnar ita za ta kai ta asibiti, in ba haka ba shi da motar ba mai barin wurin. Ya dubi laujen da ke hannuna ya tayar da mota.

Asibitin mishan ne, can gaba da Funtuwa. Likitan Bature ne dogo mai jan wuya, kuma ba zan ci amanarsa ba, mutumin ya yi aiki. A ranar ya sa aka aske mata kai, ya huda ƙashin, ya zuƙe jinin da ya taru. Kwana goma sha tara tana kwance kamar itace, an zura mata roba a hanci ana ɗura mata kunu da madara. Tsohuwa ce mai jinya a ciki, tabarmarta a ƙarƙashin gado. Ni kuwa ɗakin mata ne, sai gindin mangwaro tare da sauran maza, ana barinmu mu shiga da hantsi da kuma la'asar. Dawata na tsaye a gona tsuntsaye na biki, na bar wa ƙannena.

Akwai Sista, wata mutuniyar Kudu, gajera mai damtse, Hausarta ta kasuwa ce amma hannunta na uwa ne. Ita ta koya mana mu riƙa juya Inna kada bayanta ya yi gyambo, mu riƙa miƙe mata hannu da ƙafa muna lanƙwasawa. Akwai kuma Malam Mudi, tafintan Likita, ɗan birni mai farin wando, wanda in ya kira ni sai ya ce "kai Bamaguje," kamar ubana bai yanka mini rago ba.

Rana ta ashirin na shiga da hantsi na tarar idonta a buɗe. Na tsaya daga ƙafar gado kamar yadda na saba, ina kallon ƙasa. Sai na ji murya a shaƙe, baki a karkace.

"Baƙo."

Na waiwaya ina neman wanda ya kira ni. Aradu na waiwaya! Ta sake cewa, "Baƙo, zo." Na matsa, ta ɗago hannun hagu, shi ne mai motsi, ta kama gemuna tana shafawa, tana kallon tsakiyar idona. Ta ce, "Ka rame. Ba su ba ka tuwo?" Tsohuwa ta toshe baki ta fice a guje. Ni kuwa, ƙato da ni, na durƙusa a gefen gadon na yi kuka har da majina, matan ɗakin duka suna kallo, ban damu ba.

Na san ba lafiya ba ce. Ai ranar nan ta kira Sista da sunan yayarta da ta mutu tun ina goye. Ta ɗauka ɗakin nan kasuwar Danja ce, tana tambayar wa ya saki tumaki a cikin rumfuna. Na sani sarai, amma in na ce ban ji daɗi ba na yi ƙarya. Ba ta cin abinci sai daga hannuna. Da aka fara zaunar da ita a kujera, an ɗaure ta da zani kada ta sulale, ni take laluba. Da aka kai ta tsakanin wasu ƙarafa biyu da aka kafa a baranda don koyon tafiya, ta ƙi kama ƙarfen, sai damtsena. Ƙafar dama tana jan ƙasa, Sista na ɗaga ta da hannu tana ajiyewa, Inna na zagin Sista, Sista na cewa, "Zagi, Mama, zagi, amma taka!" Ranar farko taku uku ta yi ta jiƙe da gumi. Bayan mako biyu tana kai ƙarshen ƙarafan ta juyo.

Hannun daman ne ya fi ba mu wahala. Sun ba ta wata ƙwallon roba ta riƙa matsawa, ta wurgar, ta ce ita ba yarinyar goye ba ce. Sau uku ana ɗauko ƙwallon daga ƙarƙashin gadajen mutane. Sai Tsohuwa ta samo gurzajjiyar auduga da mazari da ɗan alli a wurin wata mai jinya, ta ajiye mata a cinya. Yatsun suka yi ta rawa, mazarin na faɗuwa, zaren na tsinkewa, tana tsaki tana sake ɗauka. Sista ta tsaya ta kalla, ta ɗauki ƙwallonta ta jefa a aljihu.

Kullum da safe Likita yana zagaye, Malam Mudi na biye da shi da kati. In ya zo gadonmu sai ya nuna ni ya tambaya, Mudi ya juya: "Wane ne wannan?" Inna ta ce, "Baƙo ne, ɗana." Likita ya yi murmushi ya rubuta. Wannan tambayar ita ce ma'auninsa, kamar yadda mai awo yake da sikeli.

A mako na bakwai, ran wata Lahadi, na shiga da la'asar da ƙwaryar fura. Tana zaune da kanta ba ɗauri, ta cika mazari da zare, sumul ba ƙulli. Ta ɗago ta gan ni. Na ga abin ya sauko mata a fuska sannu a hankali. Ta ja gefen zaninta ta rufe askakken kanta, ta juya wa bango fuska, ta ce wa Tsohuwa, "Me na Gwaggo yake nema a ɗakin mata?"

Na ajiye furar a ƙasa na fita. Na zauna a gindin mangwaro, wani mutumin Dandume da ke jinyar matarsa ya ce, "Lafiya? Jikin ne?" Na ce masa ta warke. Ya ce to ai sai murna. Na ce murna nake yi, ya rabu da ni.

Washegari Likita ya nuna ni, ya tambaya. Inna ta juya wa bango fuska. Ya sake tambaya, shiru. Ya kama hannuna ya kai kusa da nata, ta janye kamar an kawo mata garwashi. Murmushin ya ɓace, ya yi rubutu mai tsawo. Ran Talata ma haka. Da aka gama zagaye Malam Mudi ya same ni a baranda.

"Kai Bamaguje, Likita ya ce tsohuwarka ta koma baya. Makon jiya ta san ka, yau ba ta san ka ba. Ya ce haka yake faruwa in jini ya sake taruwa a cikin kai. Jibi Alhamis zai sake buɗewa. Gobe za ka dangwala yatsa a takarda."

Na ce, "Malam, kai ma Bahaushe ne. Ka san abin da ya sa ta juya. Ni ɗan fari ne. Da ba ta san ni ba ai da ta kalle ni."

Ya gyara wuyan rigarsa ya ce, "Ni tafinta ne, abin da aka faɗa nake juyawa. Likita ba shi da lokacin al'adun ƙauye."

"Al'adun ƙauye? A birninku uwa tana kiran ɗan fari?"

Sai ya rage murya ya ce, "To in jinin ne fa? Jiya ta yi kukan ciwon kai, ƙanwarka ta faɗa. In ka hana, ta mutu, wa ya kashe ta?"

Nan ya soke ni, don gaskiya ne ta yi kukan ciwon kai. Kuma na tambayi Sista ko mai shekarun Inna tana tashi daga yanka na biyu, ta kalli gefe ta ce wasu suna tashi. Wasu! To ga ni a tsakiya: in na dangwala a banza na miƙa ta ga wuƙa, in na ƙi kuma Bature ya yi gaskiya, na kashe ta da taurin kai. Ranar ko ruwa ban sha ba.

Na sa Tsohuwa ta lallashe ta. Sau ɗaya tak, ta faɗi sunan a gaban Likita a wuce wurin. Tsohuwa ta fito idonta ja wur. Ta ce, "Yaya, na yi ɓarna. Na ce mata ai ba yau ta fara ba, wata guda tana faɗa. Ta ce, a gaban mutane? Na ce i. Ta ce, har na taɓa shi? Na ce har gemu. Yaya, kuka take yi. Ta ce a yanka ta sau goma, bakinta ba zai sake ba."

Da na ji haka sai zuciyata ta tsaya wuri ɗaya. Mai jini a kai ba ya kukan kunya. Wannan Innata ce da na sani, ta dawo da dukan kayanta.

Ran Laraba da hantsi suka zo, Likita da Sista da Mudi, da takarda da ɗan gwangwanin tawada. Likita ya yi tambayarsa, Inna ta ba shi ƙeya. Mudi ya buɗe gwangwanin ya ce, "Kawo babban yatsa."

Na harɗe hannuwana a ƙirji na ce, "Ba zan dangwala ba."

"Kai, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Faɗa masa. Ka ce Baƙo ya ce yatsansa ne, uwarsa ce, ba zai dangwala ba."

Mudi ya juya wa Likita. Wuyan Likita ya ƙara ja. Ya yi magana mai tsawo, ba da faɗa ba, Mudi na juyawa: ya ga irin wannan sau da yawa, 'yan uwa su hana, bayan kwana uku su zo suna kuka, shi ya ceto matar nan da hannunsa kuma ba zai tsaya yana kallo jahilci ya kashe ta ba. Kalmar jahilcin nan ban sani ba ko ta Likita ce ko Mudi ne ya ƙara gishiri, amma ita ta kunna ni.

Na ce, "Madalla. Tunda wadda ba ta faɗin sunan ɗanta na fari jini ne a kanta, ga mata nan cike da ɗaki. A bi su gado-gado a tambaye su. Malam, juya masa, kuma in ka rage ko kalma ɗaya Sista na jin Hausa."

Sista ta ce, "Ina ji." Mudi ya juya masa.

Likita ya dube ni kamar zai sa a fitar da ni, sannan ya ɗaga kafaɗa ya taka zuwa gadon da ke kusa. Hajiya Maijidda ce a kai, matar wani mai sayar da atamfa a Malumfashi, ƙafarta a rataye ta karye. Matar nan bakinta ba ya hutawa, tun asuba take ba ɗakin labari. Aka ce mata Likita yana son sunan ɗanta na fari. Ta zaro ido, ta kai mayafi baki ta ce, "Haba Likita! Ƙafa na kawo, a bar ni da ƙafata."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Gado na gaba wata matar manomi ce daga Tsiga, ta shige cikin bargo gaba ɗaya. Na gaba da ita ta ce sai dai a tambayi uban, shi ma ba zai faɗa ba. Wata tsohuwar Bafillatana ko amsa ba ta yi ba, ta ja tsaki ta juya baya, kai ka ce zagin ta aka yi. Mata goma sha ɗaya ban da Inna: biyu ba su taɓa haihuwa ba, tara ba wadda ta faɗa. Kafin ya kai gadon ƙarshe, mata sun haɗe kai, masu jinya na tafa hannu, Hajiya Maijidda na kirari daga kwance tana cewa a zo a aske su duka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wuƙa nawa gare ka? Ga kai tara sun ƙaru."

Wannan Sista ce ta juya masa, don Mudi ya yi tsit. Likita ya juyo ya dubi tafintansa ya yi masa wata gajeriyar tambaya. Ban ji Turanci, amma na ga Malam Mudi ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, gumi na bin goshinsa. Daga baya Sista ta gaya mini sunan ɗansa na fari aka tambaye shi. Shekara shida suna aiki tare.

Amma Bature bai sauka nan take ba, kuma na ga girmansa a kan haka. Ya ce dariya ba ta fitar da jini daga kai. Ya ce in fita. Na fita, na zagaya bayan ɗakin na tsaya jikin tagar da ke saitin gadonta. In laɓe laifi ne, na yi.

Ya haska mata fitila a ido ɗaya bayan ɗaya. Ya sa ta matse yatsunsa da dama, sannan da hagu. Ya sa ta ɗaga hannu biyu ta rufe ido. Ya tambaye ta inda take, ta ce asibiti, inda ake dafa wake ba kanwa. Ya tambaye ta ranar da kasuwarsu ke ci, ta faɗa, har ta ƙara masa da ta Bakori. Maganar na fita da nauyi, tana tsayawa tana laluben kalma, amma ba ta ɓata ko ɗaya ba. Sai ya ce 'ya'yanta nawa.

"Bakwai. Biyu sun koma."

Ya ce ta lissafa su.

"Labo. Mamuda, ya koma. Jibo ƙarami. Hajo, ta koma. Maitama. Tsohuwa, ga ta nan."

Likita na ƙirgawa da yatsu. Ya ce shida ke nan, saura ɗaya. Ni kuwa a bayan taga, in faɗi gaskiya, rabin zuciyata na roƙon kada ta faɗa, rabi na roƙon ta faɗa, in ƙara ji ko sau ɗaya.

Ta ce, "Saura wanda ya hana ku yatsa. Yana bayan tagar nan, tun ɗazu nake jin warin tabarsa. Ku tambaye shi, yana da baki."

Mata suka saki guɗa. Na ji Likita ya yi dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce za a bar maganar Alhamis, amma zai riƙa duba idonta safe da yamma har kwana goma, in ya ga abin da bai so ba, ko na yarda ko ban yarda ba zai neme ni. Na leƙo ta tagar na ce ya neme ni, gindin mangwaro ba nisa.

Kwana goman nan ban san yadda na yi su ba. Duk tarin da ta yi sai in leƙa ta taga. Ciwon kan ya zo sau biyu ya tafi. Ta bar ƙarafan baranda ta koma sanda, Tsohuwa na gefenta, ni ina daga nesa kamar baƙon da ya zo gaida wani. Ba ta sake karɓar ko ruwa daga hannuna ba. A rana ta goma sha ɗaya Likita ya rubuta sallama, ya ba ni hannu, na ba shi.

Da muka fito bakin titi jiran motar Danja, akwai wata 'yar kwata da sai an tsallaka. Ƙafar daman har yanzu tana ja. Ni ne kusa, na miƙa hannu ban ma yi tunani ba. Ta tsaya, ta kafa sandarta, ta dubi Tsohuwa.

"Ce wa na Gwaggo ya yi gaba da kaya, ya tare mini hanya."

Na ɗauki ƙullin kayan na yi gaba. Ina jin ƙarar sandar a bayana, ta tsallake da kanta.

Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a duniya. Ta noma audugarta, ta yi kaɗinta, ta aurar da jikoki, kuma har aka sa ta a rami ban ƙara jin sunana a bakinta ba. Abin ya ci ni, ba zan ɓoye ba, har yau yana cina. Amma ko gobe aka dawo mini da takardar nan da gwangwanin tawada, ba zan dangwala ba.